Fadar Damagaram da Ma'aunin Aro: Sharhi a kan Kare Tsofaffin Gine-gine daga Mahangar Damargu

0. Gabatarwa

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 19, kuma unguwarsu ɗaya da fadar sarki. Shekara guda kafin nan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na rufin masallacin Juma'a na Zariya ya rufto a kan masallata, har aka yi asarar rayuka. Babu wanda zai ce ba a san darajar waɗannan gine-gine ba. Tun 2006 Nijar ta sanya Birni da fadar Damagaram a cikin jerin share fage na wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gādon duniya, kuma tun 30 ga Yuni 1997 ƙasar ke da dokar kare kayan tarihi, wato doka mai lamba 97-022. Ke nan sani akwai shi, doka ma akwai ta, amma bango ya faɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce mu yi sharhi a kan tsarin ginin fadar Damagaram, tare da tambayar abin da ake nufi idan an ce an kare gini. Za mu fara da bayanin irin gidan da Turawa suka ƙera ma'auninsu a kansa. Daga nan mu gwada ma'aunin a jikin fadar, sa'annan mu nufi arewa zuwa Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji na yau, domin a ganinmu wani sashe na tarihin fadar a can yake, kuma ma'aunin aro ba ya hango shi.

1. Gidan da aka ƙera ma'auni a kansa

A Ingila akwai wasu manyan gidaje na karkara waɗanda masu ƙasa suka gina a zamanin sarakuna huɗu masu suna Joji, tsakanin 1714 da 1830. Don sauƙin magana za mu kira su gidajen zamanin Joji. Salonsu ya samo asali ne daga aikin wani magini ɗan Italiya, Andrea Palladio, wanda ya wallafa littafinsa na gini a 1570. Misalin da muka zaɓa shi ne gidan Harewood da ke kusa da birnin Leeds, wanda aka gina wa Edwin Lascelles daga 1759 zuwa 1771. John Carr ne ya zana ginin, Robert Adam ya tsara adon ciki, Thomas Chippendale ya yi kujeru da tebura, shi kuwa Lancelot Brown ya shirya filin da ke kewaye da gidan.

Abu na farko da ido ke kamawa a irin wannan gida shi ne daidaito. Idan aka ja layi daga tsakiyar ƙofa zuwa sama, abin da ke dama shi ne ke hagu, taga ta fuskanci taga, ginshiƙi ya yi daidai da ginshiƙi. Tagogin benen da ake karɓar baƙi sun fi tsawo, na can sama inda barori ke kwana kuwa ƙanana ne, ta yadda mai kallo daga waje zai iya karanta matsayin mazauna gidan a jikin bango. An gina gidan ne don a hange shi daga nesa. Saboda haka ba a yi masa katanga a gaba ba. Wani rami ake haƙawa a ɓoye wanda zai hana dabbobi matsowa ba tare da ya tare wa ido hanya ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an rushe ɗaruruwan irin waɗannan gidaje saboda haraji da tsadar kulawa. Dokar tsara gari da karkara ta 1947 ita ce ta kafa tsarin rajista mai daraja hawa-hawa, kuma Harewood na cikin hawa na ɗaya. Mai gidan da ke cikin rajista ba shi da ikon sauya taga ko rushe bango sai da izinin hukuma. Faransa ma tana da irin wannan doka tun 1913, kuma ta hanyarta ne wannan tunani ya iso gare mu.

Abin lura a nan shi ne sharuɗɗa uku da ke ƙarƙashin wannan ma'auni. Ana son a san sunan wanda ya zana ginin da shekarar da aka gama shi. Ana son kayan ginin su kasance na asali, wato dutsen da aka aza a 1760 shi ne ke nan har gobe. Ana kuma ɗauka cewa babban abokin gaban gini shi ne hannun mutum, don haka aikin doka shi ne ta hana taɓawa. Waɗannan sharuɗɗa sun dace da gidan dutse. Tambayarmu ita ce ko sun dace da gidan ƙasa.

2. Fadar Damagaram

An gina fadar a tsakiyar ƙarni na 19, kuma ana danganta ta da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ana zuba masa igwa a cikin gari, kamar yadda André Salifou ya bayyana a littafinsa na tarihin Damagaram (1971). Fadar ta ga zuwan Kyaftin Cazemajou da kashe shi a 1898, ta ga yaƙin Tirmini a 1899, ta ga tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906, sa'annan ta zauna a garin da ya kasance hedikwatar mulkin Faransawa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da hedikwata Yamai. Har yanzu kuma a cikinta sarki yake zama.

Idan muka auna ta da sharaɗin daidaito irin na Palladio, za mu ce ta gaza, kuma da mun yi kuskure. Gidan zamanin Joji da ido ake karanta shi, a tsaye wuri ɗaya. Fadar Bahaushe kuwa da ƙafa ake karanta ta. Mutum zai taso daga fili mai rana da ƙura inda dogarai ke tsaye, ya shiga zaure na farko mai duhu da sanyi, ya fita zuwa tsakar gida, ya sake shiga wani soron. Ba a jera ƙofofin a kan layi ɗaya ba, da gangan, don kada idon wanda ke waje ya zarce ciki. Kowane zaure yana tace masu wucewa: talaka mai ƙara yana da inda zai tsaya, hakimi yana da nasa, baƙo na nesa yana da nasa, cikin gida kuwa ba shi shiguwa ga namiji baligi in ba wanda aka yarje wa ba. Abin da Bature ya rubuta a jikin bango ta hanyar girman taga, Bahaushe ya rubuta shi a ƙasa ta hanyar nisan da aka bar mutum ya taka. Wannan shi ne daidaiton fadar, kuma hoton fuskar gini, komai kyansa, ba ya nuna shi.

Haka nan gwanintar magini ba a waje ta fi bayyana ba. Matsalar da ke gabansa ita ce azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Don a sami soro mai faɗi, sai magina suka ƙirƙiro baka: ana dasa azara a cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakuna biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga. Wannan fasaha ce ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Zariya, kuma ita ce ke riƙe da manyan soraye daga Kano har Damagaram. Dmochowski (1990) da Moughtin (1985) sun auna ta sun zana ta. Wanda ya ɗaga kai a cikin irin wannan soro zai ga cewa adon da ƙarfin ginin abu ɗaya ne, don layukan da ke ƙawata rufin su ne kuma ke ɗauke da shi.

Sai sharaɗin kayan asali. Tubalin da ke cikin bango yana iya kai shekara ɗari da hamsin, amma fatar bangon ba ta kai haka ba, kuma bai kamata ta kai ba. Kowace damana tana cin yaɓe, kowane rani ana mayar da shi. Zankwayen da ke saman katanga suna zaizayewa a sake ɗaga su, indararo yana toshewa a buɗe shi, zanen da ke bakin ƙofa yana dushewa wani gwanin ya sabunta shi da hannunsa da kuma ɗanɗanon zamaninsa. Don haka idan aka tambaye mu shekarar da aka gama fadar Damagaram, amsar gaskiya ita ce ba a gama ta ba. Ginin ƙasa da aka daina taɓawa ya kama hanyar zama kufai. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a kan ginin ƙasa wannan magana ba ta bukatar fassara.

A nan ne sharaɗi na uku ya juye. A Harewood hannun mutum ne abin tsoro. A Birni rashin hannun ne abin tsoro, sai kuma hannun da bai san ƙasa ba. Mun ga gidaje da dama a tsofaffin unguwanni waɗanda aka shafe da siminti da niyyar hutawa da yaɓe. Siminti ba ya numfashi kamar ƙasa, ba ya kuma miƙewa da takurewa tare da ita. Idan ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Magina na da suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka kankare da kuma dafara. Wato ke nan lafiyar rufin soro tana rataye da rayuwar karofi da majema. Ranar da marina suka tashi, laso ya tashi tare da su.

3. Damargu: gandu ba soro

Akwai wata tambaya da masu sharhin gidajen zamanin Joji suka daɗe suna kauce wa, wato ina kuɗin ya fito. Dukiyar zuriyar Lascelles daga gonakin rake na Barbados da sauran tsibiran Karibiyan ta fito, inda bayi ƴan Afirka ke aiki. Da Ingila ta haramta bauta a 1833, an biya magajin gidan diyyar sama da fam 26,000 a kan bayi fiye da 1,200. Su bayin ba a ba su ko anini ba. A 2020 ƙungiyar National Trust, wadda ke riƙe da ɗimbin irin waɗannan gidaje, ta fitar da rahoto a kan wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da bauta da mulkin mallaka, kuma rahoton ya jawo ce-ce-ku-ce mai zafi. Darasin shi ne gida da ƙasar da ta ciyar da shi labari ɗaya ne, ko da teku ta raba su.

Mu ma wannan tambaya tana jiranmu. James Richardson, wanda ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun bayi. Ganuwa da soraye ba su tashi da kansu ba. Akwai waɗanda suka haƙo ƙasa, suka ɗebo ruwa, suka cuɗa, suka miƙa tubali, kuma da yawansu ba da son ransu ba. Ɗaya tushen dukiyar kuma shi ne hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus da Gadamas, ta ratsa Abzin, ta biyo ta Damargu kafin ta sauka a Zangon Damagaram ta wuce Kano. Attajirai irin su Malam Yaro a kan wannan hanya suka yi arziki, da shi kuma suka gina gidajensu a Zango.

Tanut tana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram. Ya kamata mu faɗa a fili cewa Damargu ba lardi ba ne da fada ke juyawa yadda ta ga dama. A ƙarni na 19 ƙungiyoyin Abzinawa ne suka fi ƙarfin faɗa a ji a can. Amma ba ayarin da zai kai Zango bai ci hatsin Damargu ba, bai sha ruwan rijiyoyinta ba. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, sun iso Damargu tare da ayarin gishiri na Kel Owi, kuma a ƙauyen Tagelel Richardson ya rabu da sauran biyun, ya kama hanyarsa. Barth ya bayyana yankin a matsayin rumbun Abzin, ya kuma nuna cewa shi wannan ƙauye na madugunsu ne, Annur. Stephen Baier, a littafinsa na tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar (1980), ya yi bayanin yadda manyan Abzinawa ke da ƙauyukan noma a Damargu inda bayinsu da barorinsu ke noma musu gero, da yadda gashin jimina na yankin ke tafiya har kasuwannin Turai.

To a nan ne muka sami abin da ya fi kama da gidan karkara na Ingila, amma a rabe biyu. A Harewood gandu da gida suna wuri ɗaya, maigida yana leƙa gonakinsa ta taga. A ƙasarmu gandun yana Damargu, soron yana Birni da Zango. Mai gandun Damargu bai gina soro a gonarsa ba, domin shi mutumin tanti ne, rabin shekararsa a kan raƙumi take. Manomin kuma ɗakin kara da zana ya yi, sai rumbu. Saboda haka mai neman tsohon gini da ma'aunin aro a hannu zai zagaya Tanut da Gangara da Olelewa da Tarka ya dawo ya ce bai ga kome ba. Mu kuwa muna ganin ya wuce gine-gine da yawa bai gane su ba: rijiya mai zurfi da aka haƙa da hannu aka ɗaure bakinta, rumbun da aka ɗaga a kan duwatsu don gara da danshi, kufan zangon da ayari ke sauka, da tsarin ƙauyen kansa. Waɗannan su ne ɗaya rabin fadar.

Wannan hanya ta mutu ne bayan 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus. Fatauci ya juya kudu zuwa teku. Daga baya fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka tarwatsa garke da ƙauyuka. Abin da ya rage na shaidar wancan zamani a Damargu yana cikin ƙasa da kuma bakin tsofaffi, kuma dukansu biyu ba sa jira.

4. Abin da ya kamata a kare

Ba muna cewa a yi watsi da rajista ba. Shigar tsohon garin Agadas cikin kayan gādon duniya a 2013 ta jawo hankali ga ginin ƙasa na Nijar, kuma muna fatan Birni ta sami irin wannan. Su kansu masana na duniya sun sassauta: takardar Nara ta 1994 ta yarda cewa sahihancin gini ba a kayan asali kaɗai yake ba, yana iya kasancewa a cikin fasaha da al'adar da ke sabunta shi, saɓanin yadda aka fi fahimtar yarjejeniyar Venis ta 1964. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa ya yaɓe babban masallaci. A nan gida, masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962 ya kuma ci gaba da ƙara masa sassa, ya sami lambar Aga Khan a 1986. Wannan ya nuna fasahar tana da rai a zamaninmu.

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, duk ginin ƙasa da aka sa a rajista a haɗa shi da kasafin yaɓe na shekara-shekara, a kuma duba rufi da indararo da magudanan unguwa kafin faɗuwar ruwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, a ɗauki sarkin magina da gwanayensa a matsayin masu yanke shawara tare da injiniya, a kuma tallafa wa yaran da ke koyo a hannunsu. Na uku, a kare tushen kayan aiki, wato giginya da ɗorawa da kududdufan da ake ɗibar ƙasa, tare da sana'o'in da laso ya dogara da su. Na huɗu, a faɗaɗa abin da ake kira wurin tarihi ya haɗa da hanyar ayari: ɗalibanmu na tarihi da na harshe su bi rijiyoyi da zanguna na Tanut da Balbeji, su rubuta sunayensu, su auna su, su naɗi abin da zuriyar manoma da ta madugai ke tunawa, har da abin da ba shi da daɗin ji.

5. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa ma'aunin da aka ƙera a kan gidan dutse na zamanin Joji yana neman sunan mai zane, da kayan asali, da hana taɓawa, alhali fadar Damagaram aikin zuriyoyin magina ce, kyanta yana cikin jerin zaurukanta da bakunan rufinta, ranta kuma yana hannun mai yaɓe. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma akwai abu ɗaya da ya cancanci mu koya daga muhawarar Ingila, shi ne tambayar waɗanda guminsu ya ɗaga bango. Idan muka yi wannan tambaya a kan fadarmu, amsar za ta kai mu Damargu, wurin da babu soro ko ɗaya a cikin jerin da aka miƙa a 2006. Masallacin Birni ya riga ya faɗi. Fadar tana tsaye, magina suna nan, tsofaffin Damargu ma ba su ƙare ba tukuna, kuma damana mai zuwa ba za ta tambayi lambar doka ba.